Lanƙwasar da ba ni na zana ba

Ni tela ce. A Damagaram aka haife ni, aure ya kawo ni Arlit, kuma a nan na yi shekarun ƙarfina duka, a wani gida mai ɗaki uku bayan kasuwa. Maigidana mai zane ne a ofishin kamfanin haƙar ma'adini. Taswirar ramuka da hanyoyin bututu yake zanawa, da farko da fensir a kan babban tebur, daga baya da ordinater, wato kwamfuta. Da aka rufe wurin aikinsu aka sallame su, ya dawo gida da wata tsohuwar ordinater da ya saya wa kansa, da ƙaramin injin buga takarda, ya ajiye su a lungun ɗakin da nake ɗinki. Yaranmu sun girma sun watse, babbar tana aure a Yamai. Daga ni sai shi a gidan.

Kayan mata nake ɗinkawa, amma bargon haɗi ne ya sa aka san ni a kartiyenmu, unguwar bayan kasuwa. Kowace tela tana da buhun ƙyallayen da ba ta san yadda za ta yi da su ba, ga shi ɗarin garin nan ba ya tausayin kowa. Sai in yanka ƙyallayen gida-gida masu kusurwa huɗu, in haɗa su, in shimfiɗa auduga a tsakiya, in rufe bayan da zane guda, in bi da ɗinki. Shekara da shekaru layi miƙaƙƙe kawai na sani.

Maƙwabciyata ce ta jefa ni cikin harkar lanƙwasa. Ƴar Maraɗi ce, Kirista, tana aikin jinya a wata ƙaramar likita, ɗan asibiti, cikin gari. Kowa Madam yake ce mata, ita kuma Yaya take ce mini don na girme ta. Wata rana ta nuna mini hoto a wayarta, wani bargo wanda kowane gida nasa yake da rubu'in da'ira a kusurwa ɗaya, in an jera gidajen sai su ba da hanya mai murɗe-murɗe. Na ce wannan ai ba wuya. Na kifa faranti a kan kwali na zagaya shi da biro, na yanka, na hau keke. Abin da ya fito ya tattare kamar bakin wandon da aka ja wa mazagi. Na farke na sake, duk ɗaya.

Maigida ya ɗauki ƙyallayen biyu ya jujjuya su, ya ce allura ba ta da laifi. Ƙyalle mai tudu da ƙyalle mai rami a kan layin ɗinki suke haɗuwa, ni kuwa layi ɗaya na zana na yanka su duka biyun a kansa, ban bar wa allura wurin ci ba. Ya jawo mini kujera kusa da tasa ya kunna ordinater.

Akwai wata manhaja ta zane a ciki wadda take riƙe layi da lissafi, ko an buɗa shi ya kai girman ƙofa ba ya dushewa. Allonta yana da raga ta siraran layuka, kowane gida santimita ɗaya. A danna a ajiye ɗigo, a ajiye wani can gaba, layi ya haɗa su. Kowane ɗigo yana da wasu ƴan sanduna biyu da maigida yake kira ƙahoni, in aka ja ƙaho sai layin ya lanƙwasa ya bi shi. Layin ɗinki ake fara zanawa. Bayan nan a umarci manhajar ta fitar da wani layin a wajensa, tazarar milimita bakwai, nan almakashi zai bi. A tsakiyar kowace lanƙwasa a sa ɗan tsagi, don ƙyallayen su san inda za su gamu. A gefen kowace takarda kuma yakan zana ɗan gida mai santimita biyar, in an buga a auna shi da tef, saboda injin buga takarda yana da halin rage abu ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Ban yi lakwal mai nisa ba, karatun bokona kaɗan ne. Satin farko linzamin ordinater, ɗan abin nan da ake turawa da hannu a danna, guje mini yake yi, in nufi ɗigo in kama ƙaho. Maigida bai taɓa karɓe shi daga hannuna ba, sai dai ya ce in sake. Dokarsa ɗaya ce, kada a cika ɗigo. Duk ɗigon da aka ƙara, in ji shi, an ƙara wurin da layi zai karye. Kafin shekara ta zagayo na daina kiransa. Na zana jinjirin wata, na zana bakin ƙwarya, na zana wani abu mai kama da gaban sirdin raƙumi wanda matan Buzaye suka yi ta so. Ina da wata ɗabi'a tun ina koyon ɗinki: in zan duba ko wuyan riga ya zagayu daidai, sai in runtse idon dama in hango shi da na hagu. Haka na ci gaba da yi a gaban allon.

Sai mahaifiyar Madam ta rasu a Maraɗi. Ta je ta yi sati uku, ta dawo da ƙunshi a ƙarƙashin hammata. Zannuwa uku ne na tsohuwar, biyu na zumuntar mata da take ɗaurawa zuwa coci, ɗaya kuma baƙin saƙi da ya sha wanki har ya yi laushi. Ta ce tana son bargo mai siffar ganye, irin ganyen darbejiyar ƙofar gidansu, don ta riƙa rufa da shi. Ta ɗora su a kan kekena, hannunta bai bar kansu da wuri ba.

"Yaya, su ke nan. Babu na huɗu."

Na ce ta kwantar da hankalinta.

Da hantsin wata Talata na zauna zana ganyen. Ɗigo biyu ne kawai, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da ƙahoninsu. Na ja, na daidaita, na runtse idon dama. Sai na ga ganyen yana da ɗan ƙusumbi a gefe guda, kusa da tsakiya. Na taɓa ƙaho, ƙusumbin bai tafi ba. Na karya dokar maigida na ƙara ɗigo a wurin na tura shi ciki, na ƙara wani, har layin ya kwanta mini sumul. Na buga, na manna a kwali, na yanka.

Maigida ya shigo neman tabaransa, ya ga kwalin a tebur ya ɗauka. Ya bi bakinsa da babban yatsa kamar yadda ya saba, sai yatsan ya tsaya.

"Nan akwai rami," ya ce.

Na karɓa na runtse ido na duba, ban ga komai ba. Na buɗe idanun duka biyu, sai ga shi, ɗan rami kamar ɓera ya ɗan gutsura. Na sake runtse na dama, ramin ya cike. Na ce masa linzami ne ya zame mini. Ya yi dariya ya fita masallaci, don an kira azahar.

Yana fita na tashi na tsaya tsakiyar ɗaki. Na rufe idon dama da tafin hannu na dubi gefen ƙofa. Ƙofar ƙarfe ce da na sani shekara ashirin, sai ga ta da ciki a tsakiya kamar an dake ta da guduma. Na fita tsakar gida na dubi igiyar shanya, ita ma ta karye a wuri ɗaya ta ci gaba. Na koma gaban allon. Ragar nan ta layuka ta lotsa a duk inda na kafa ido, in na matsar da ido lotsawar ta bi ni. Na zauna a ƙasa, ban ma nemi tabarma ba, ina jin liman yana kabbara daga nesa, na kasa tashi in yi alwala.

Innata ta makance a shekarunta na ƙarshe. Faifai take saƙawa, masu kyau, har daga ƙauye ake zuwa saye. Ba wanda ya san abin da ya ci idonta, aka ce tsufa ne, alhali ba ta wuce shekaruna na yanzu da yawa ba. Duhun bai fi tsorata ni ba a lamarinta. Abin da na kasa mantawa shi ne yadda mutane suka koma yin maganarta a gabanta. Baƙuwa ta shigo, tana zaune ga ta nan, sai ta juyo ta tambaye ni, ta ci abinci kuwa? Inna ta juya fuska wajen muryar, ta ɗan kauce kaɗan, tana murmushi ga bango. Wannan ne ya dawo mini a ƙasan ɗakin ɗinkina.

Sati uku ban gaya wa kowa ba. Na naɗe zannuwan Madam na sa a ƙasan akwati. In ta leƙo ta katanga ta tambaya, in ce wuta ce ba ta zama, ko in ce tawadar injin ta ƙare. Wutar kam ba ta zama, amma ba ita ta hana ni ba. Kullum ina gwada idon, sau ashirin, sau talatin, a kan duk abin da na san miƙaƙƙe ne: sandar rariya, gefen tabarma, falwayar bakin titi. Wata rana in ga kamar ya yi sauƙi in yi ta hamdala, kafin la'asar ya dawo. A sati na biyu wani ɗan tabo mai launin toka ya fito a tsakiyar lotsawar. Maigida yana cin tuwo a gabana na ɗaga gefen mayafi na rufe idon dama kamar ina share zufa. Na ga hularsa, na ga gemunsa, hancinsa babu. Na tashi na shiga madafa na tsaya riƙe da murfin tukunya.

Ga kuma abin da kowa a garin nan yake ɗauke da shi a ciki. In mutum ya kwanta ciwon da ba a gane kansa ba, ba a cika faɗa da baki ba, sai dai a karkata kai wajen tsibin duwatsun da kamfanin ma'adini ya tono ya tara a bayan gari, kowa ya gane. Na yi ta tuna ruwan da na sha shekara da shekaru, da tukwanen da maƙera suke ƙerawa da ƙarafan da ba a san inda aka kwaso su ba, da kayan aikin maigida da na wanke da hannuna duk ranar da aka tura shi awo cikin rami. Na ce in daga can ne, to babu magani, gara ma kada in sani. Ɗinkin mutane na ci gaba da yi da ido ɗaya, amma zare sai na yi ta lalube kafin ya shiga allura.

Madam ce ta kama ni. Ta shigo da yamma ba sallama mai ƙarfi, ta tarar da ni tsaye hannu a kan ido ina kallon gefen taga. Ba ta tambayi bargo ba. Ta ce tun yaushe. Na buɗe baki in ce ƙura ce ta faɗa mini, sai kuka ya riga maganar fitowa. Ta bar ni na gama, sannan ta fara tambayoyin da na ga ba su da haɗi da ido: ko ina yawan jin ƙishi, ko ina yawan zagayawa, ko na lura tururuwa na taruwa a makewayi. Duk na amsa da i. Na ɗauka zafin gari ne da shan ruwa. Ta tafi gidanta ta dawo da wata ƴar na'ura, ta soki yatsana ta ɗiga jinin a kan wani ɗan tsinke. Ta dubi lambar ta ajiye na'urar.

"Yaya, suga ne, kuma ya daɗe. Yau za ki gaya wa Malam, ko ni in gaya masa."

Ni na gaya masa, bayan magariba, yana zaune a kan buzunsa. Bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni ko ranar kwalin nan ne, na ce ranar ce. Ya ce shi da ya ji rami da yatsansa ya yi dariya ya fita. Na ga carbin hannunsa ya tsaya a ƙwaya ɗaya bai motsa ba. Ganin tsoro a fuskarsa ya ƙara mini nawa, domin a zamanmu ban taɓa ganinsa haka ba, ko ranar da aka sallame su.

Likitan da muka gani a gari ya ba ni maganin suga, ya haska idon da ƴar fitila, ya ce abin yana can baya inda kayan aikinsa ba sa kaiwa. Sai Yamai, kuma kada a daɗe.

Duk wanda ya bi hanyar Agadas ya san ba hanya ba ce, gurbinta ne. Kar ɗin, babbar motar fasinja, yana sauka daga kwalta ya bi rairayi, ya hau, ya sake sauka. Fasinjoji suna ta hirar masu tare hanya, wata mata kusa da ni tana ɓoye ƴan kunnenta a cikin kunzugun jaririnta. A kowane shinge a sauke mu a duba takardu. Ni duk wannan bai shiga kaina sosai ba. Ina jikin taga ina rufe ido ɗaya ina buɗewa, ina kallon inda ƙasa ta haɗu da sama, layin da ba abin da ya kai shi miƙewa, shi ma ya lotsa. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji kamar wani abu zai tsinke a cikin idon, in dafe shi da hannu. Muka kwana Agadas, muka bi ta Tawa, kwana biyu cur kafin mu ga ƴarmu tsaye a tasha tana jiranmu.

Likitar idon mace ce, ba ta girmi ƴata da shekaru da yawa ba. Aka ɗiga mini magani har komai ya zama haske mai ciwo, aka sa na ɗora haɓa a kan wata na'ura na kalli wani koren ɗigo. Bayan nan ta juyo da allonta ta nuna mana. Hoton bayan idona ne, an yanka shi a kwance kamar an yanka burodi. Na idon dama layi ne mai santsi da ɗan kwari a tsakiya. Na hagu kuwa inda kwarin ya kamata ya kasance tudu ne, da baƙaƙen ramuka a cikinsa. Ta ce ruwa ne ya tsattsafo daga ƙananan jijiyoyin da suga ya lalata, ya taru ya ɗaga wurin da ake gani da shi, shi ya sa duk abin da ya faɗa a kansa yake karkacewa. Na dama ma an fara taɓa shi, amma tsakiyarsa lafiya lau.

Maigida ne ya yi tambayar da na kasa yi. Ya ce daga Arlit muke, shi kuma ma'aikacin ma'adini ne, ko abin yana da nasaba da can. Ta ce abin da take gani a nan aikin suga ne, irinsa take gani kullum daga garuruwan da ba a haƙa komai, abin da ba ta gani ba kuwa ba za ta ce komai a kansa ba. Ta tambaya ko akwai wanda ya makance a danginmu. Na ba ta labarin Inna. Ta gyaɗa kai kawai.

Sannan ta ce maganin allura ne, a cikin idon.

Na ɗauka ban ji daidai ba, na ce a gefen ido take nufi. Ta ce a cikinsa, ta wajen farin. Ni da na yi rayuwata da allura a hannu, na san abin da take yi wa ƙyalle. Na ce a ba ni zuwa gobe. Ta ce za ta iya ba ni goben, amma ruwan ba ya jira, kuma tsoron gobe ba zai fi na yau sauƙi ba. Ƴata ta kama hannuna.

Aka kwantar da ni a wani ɗaki mai sanyi, aka rufe fuskata da ƙyalle mai huda ɗaya. Aka ɗiga maganin kashe zafi, aka wanke idon da wani abu mai launin ƙasa, aka sa wata ƴar waya ta buɗe fatar idon ta riƙe, ko ƙiftawa ba dama. Likitar ta ce in kalli sama wajen dama kada in motsa. Duk addu'ar da na sani ta gudu ta bar ni, sai bisimilla kawai nake maimaitawa. Na ji an danna, kamar an tura yatsa. Wani abu kamar ɗigon mai a cikin ruwa ya gilma ya watse. Ta ce an gama. Na ce a'a, ta yi abin da za ta yi kawai, na shirya. Sai ma'aikaciyar da ke riƙe da kaina ta yi dariya ta cire ƙyallen.

Sau uku aka yi mini, wata guda tsakanin kowace. Na zauna gidan ƴata duk tsawon lokacin, maigida ya koma ya dawo. Tudun ya sauka. Tabon toka ya dushe har ina iya ganin hancin mutum, amma layi bai koma miƙewa sarai ba, kuma likitar ta ce wataƙila ba zai koma ba. Ta ba ni tabarau, da wata takarda mai gida-gida da ɗigo a tsakiya, ta ce in manna a bango in riƙa gwada kowane ido da safe. Ranar da na ga sabon abu, musamman a na dama, in hau mota a ranar.

Da na dawo Arlit na yi kwana goma ban kunna ordinater ba. Ranar da na kunna na buɗe ganyen nan na ga ɓarnar da na yi masa, ɗigo biyar a inda biyu suka isa. Na goge shi duka. Na gaya wa maigida ban yarda da idona ba kuma, ko na daman, don ban san ranar da zai fara yi mini ƙarya ba. Ya ce to a bar ido ya huta. Ya nuna mini yadda ake yi a ofishinsu in ana son abu ya fita daidai: ba a jan ƙaho ko kaɗan. A sa manhajar ta zana da'ira, a rubuta mata faɗinta da lamba. A kwafe ta, a rubuta tazarar da za ta matsa gefe. Inda da'irorin biyu suka hau kan juna, a ce ta ajiye wannan ta zubar da saura. Abin da ya rage ganye ne, gefensa biyu daidai wa daida. Ƙyallen da zai rungume shi kuma daga da'irar nan ɗaya ake cire shi, sannan a sa ta auna tsawon layin ɗinkin kowanne, in lambobin biyu sun zo ɗaya an gama. Na yi da kaina sau huɗu. A idon hagu ganyen yana nan da ƙusumbinsa. Na bar shi da shi, na buga.

Yankan zannuwan ne ya gagare ni. Na fito da su daga akwati, na goge, na shimfiɗa baƙin saƙin, na ɗora kwali na zagaya da alli. Na ɗauki almakashi na ajiye. Kwana biyu ina haka. A na uku Madam ta dawo daga aiki ta same ni a tsaye a kansu. Na ce mata ta kai wa wata telar, ko ta bari maigida ya yanka, don in na ɓata ba ni da abin da zan mayar mata.

Ta jawo kujera ta zauna, ta ce ba ta son hannun kowa a kansu sai nawa. "Mai su ta riga ta tafi, Yaya. In kin ɓata ɗaya, ɓataccen ma nata ne."

Na ɗaure idon hagu da ɗankwali, na yi bisimilla na sa almakashi. Saƙin ya yi wata ƙara mai taushi. Duk ganyen da na yanka sai in miƙa wa maigida ya bi bakinsa da yatsa ya ajiye a faifai. Zufa ta jiƙa mini riga ko da yake ɗari ya fara shigowa. Biyu daga ciki ya mayar mini na gyara. Ɗaya ya ɓaci har ba ya gyaruwa, Madam ta ɗauke shi ta sa a jakarta. Wata ɗaya da rabi na yi kafin in gama bargon, tsagi yana gamuwa da tsagi, ba inda ya tattare. Ranar da na kai mata ta shimfiɗa shi a gado ta zauna a gefe tana nuna mini wane zane tsohuwar ta ɗaura a wane biki.

Yanzu ina shan magani, na bar shayi mai sukari, fura ma sai kaɗan. Takardar likita tana manne kusa da taga, kowace safiya in gari ya waye sosai nakan tsaya gabanta. Watan jiya na rufe idon hagu na dubi ɗigon da na dama, sai na ga wani siririn abu ya ratsa gidajen a karkace, daga sama zuwa ƙasa. Na ƙifta, yana nan. Na fara tunanin kar ɗin da zai tashi, da hanyar, da ɗakin nan mai sanyi, da wanda zai riƙa ja mini hannu zuwa makewayi. Na kira maigida da muryar da ta sa ya shigo da buta a hannu. Ya dube ni, ya matso, ya sa yatsu biyu ya cire wani ɗan farin zare da ya maƙale a gilashin tabarauna. Ya nuna mini shi a tafinsa, bai yi dariya ba. Na ɗan zauna a bakin gado, sannan na tashi na ɗora ruwan koko.